Yadda muka kawo bas mai bene daga Legas zuwa Kano

Shekaranjiya da daddare muka shigo Kano da jar bas ɗin nan mai bene da mutane suka yi ta ɗauka a waya a hanyar Zariya, kuma tun daga lokacin ake ta tambayata daga ina, ta waye, ya aka yi ta zo. To bari in faɗa tun gajiyar ba ta sake ni ba.

Wani Alhaji da nake yi wa aikin motoci ne ya saye ta a hannun wani mutum a Legas, so yake ya mai da ita wajen cin abinci, ƙasa a yi girki da shayi, sama mutane su zauna. Ni aka tura in duba ta in rako ta, tunda ƙarfe ne sana'ata a Ƙofar Ruwa. Da na shiga filin da take ajiye wallahi na daɗe ina zagaya ta kafin na ce uffan. Routemaster ce, irin ta Landan, ƙirar kamfanin AEC, wadda ta fara ɗaukar fasinja a 1956, aka daina ƙera ta a 1968, amma ba a janye ta daga aikin yau da kullum ba sai Disamban 2005. Jikinta na alminiyam ne shi ya sa ruwan Legas da iskar teku ba su cinye ta ba, na ƙwanƙwasa ko'ina, fenti ne kawai ya koɗe sai robar tagogi da ta bushe. Kujera 64, matakala a baya, direba shi kaɗai a ɗan akurkinsa a gefen inji. Abin da ya fi burge ni, motar da aka zana tun shekarun 1950 amma tana da fawa sitiyari da giyar otomatik. Mu nan bas ɗin da aka shigo da ita bara ma ka ga ƙofa da igiya ake ɗaure ta.

Ta tashi da muka sa mata batir, amma tuƙo ta ba zai yiwu ba. Sitiyarinta a dama yake, mu kuma tun 1972 muka koma bin hannun dama, ga dandamalin shiga na baya ba shi da ƙofa kuma a hagu yake, wato ɓangaren tsakiyar titi a wajenmu. Tayoyin ma duk sun tsattsage. Dole sai tirelar nan mai ƙasa-ƙasan baya da ake ɗaukar katafila.

Wajen ciniki na sha magana. Duk wanda ya ji an ce wani Alhaji a Kano sai ya ninka kuɗi, wani ma ko kallon motar bai zo yi ba ya yanka farashi ta waya ya kashe. Wanda muka daidaita da shi wani dattijo ne mutumin Funtuwa, kuma ba don ya fi araha na ɗauke shi ba, don shi kaɗai ne ya zo da tef a aljihu, kafin ya yi maganar ko sisi sai da ya sa yaronsa ya hau ya auna. Tsayinta wajen mita 4.4, in ta hau bayan tirela ta haura mita 5. Ya kalle ni ya ce, "Malam, nauyinta ba komai ba ne, tan bakwai da ɗoriya ai wasa ne, wannan tafiyar ta sama ce, ba ta ƙasa ba." Muka sace iskar tayoyinta don ta ɗan zauna, aka ɗaure da sarƙa ta kowace kusurwa, muka tashi tun kafin asuba don kar cunkoso ya riske mu.

Ban taɓa sanin yawan abin da ke rataye a saman titunan ƙasar nan ba sai a wannan tafiya. Gadar masu ƙafa, allon talla, reshen mangwaro, wayar wuta, wayar da wani ya ja daga janareto zuwa shagonsa ta tsallaka titi ba ruwansa. Yaron motar, ba zai wuce shekara ashirin ba, ya yanko doguwar gora ya auna ta daidai tsayin lodin, ya ɗaura wani ɗan reshe mai baki biyu a kanta da tsohon tub. Duk gadar da Baba direba bai yarda da ita ba sai a tsaya, yaron ya ruga da gorar ya gwada, ya ɗago hannu, sannan mu shige a hankali kamar masu kai amarya. A cikin gari kuwa yana tafe a gaba da silifas ɗin roba yana tallafe waya ɗaya bayan ɗaya har bas ɗin ta wuce, rana na dukansa, 'yan acaɓa na zaginsa da yaren da ba ya ji, ko juyowa ba ya yi. In gora ta jiƙe da raɓa ba ya taɓa waya da ita sai ta bushe, ya ce maigidansa ne ya koya masa. Mutane suna kallon yaran mota a banza, ni dai daga yau ba a gabana ba.

A Ogere muka fara cin abinci na kirki. Nan tirelolin Arewa ke hutawa, Hausa kawai kake ji, ga tuwo da miyar kuka mai zafi, ga mai shayi ya san yadda ake haɗi ba sai ka yi bayani ba. A Legas kuwa ɗan abincin da za a zuba maka ba ya kai ko'ina kuma kowane yankan nama da kuɗinsa daban, kuɗin da na kashe a kwano ɗaya zai ciyar da mutum biyu a Kano har da ruwa. Amma gaskiya a faɗe ta, suna da saurin aiki, wanda ya kawo mana sarƙa ya ce minti talatin kuma kafin lokacin ya iso, mu nan da sai an jira "ina hanya" har la'asar.

Ɓacin ran tafiyar tsakanin Ogbomosho da Ilori ya same mu. Wani jami'i a wani shinge ya tsayar da mu, aka ba shi takardu cif, na kwastan, na ciniki, na tirela, ya jujjuya bai ga abin kamawa ba, sai ya ce ai wannan gida ne muka ɗauko ba mota ba, kuma ina izinin ɗaukar gida. Baba direba da furfurarsa yana ce masa yallaɓai, shi kuma yana nuna shi da baki yana aboki kaza aboki kaza, har ya jefar da takardun a kan bonet iska ta kwashe ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, Baba ya riƙe min hannu. Muka zauna a rana har wani babbansu ya zo, ya karanta, ya ce mu tafi. Ba kuɗin goron ne ya dame ni ba, a hanya kowa ya san ana bayarwa, wulaƙanta dattijon da ya haife ka shi ne abin da ban iya haɗiyewa ba.

Allah da ikonsa, bayan mun haye gadar Jebba, Kwara ta cika tana ta sheƙi, masu kifi busasshe suka yanyame mu kuma kifin da araha sosai na saya na gida, sai tayar tirela ta fashe kafin Mokwa, magariba ta kawo jiki. Wani tsoho Banufe da gidansa ke bakin hanya ya fito da buta da tabarma tun kafin mu nema. Hausarsa tar. Ya ce, "'Ya'yana ba za ku kwana a titi ba ina raye." Ya aika jikansa a babur ya ɗauko mai faci, aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, ya sa samari suka kwana suna gadin mota. Da safe na dunƙule kuɗi zan ba shi ya ɓata fuska ya ce in mayar, abu ɗaya yake so, a bar jikokinsa su hau saman bas ɗin su gani. Na ɗora su ɗaya-ɗaya, suka zauna a kujerar gaba ta sama suna leƙen rufin gidansu suna ihu, shi ma tsohon ya tattare riga ya hau matakalar a hankali ya zauna tare da su. Ina tunanin mu a Kano da muke taƙama da karɓar baƙi, yanzu mutum nawa ne zai buɗe wa baƙuwar tirela ƙofa da magariba.

Daga nan muka bi ta Bida don Baba ya ce ba zai kai wannan kaya ta Birnin Gwari ba. Hanyar Agaie da Lapai zuwa Lambata ramuka ne zalla, bas ɗin na rangaji muna salati, kowane ɗan lokaci a sauka a ƙara ɗaure sarƙa. Doya dai a can kusan kyauta in ka kwatanta da 'Yankaba. Gas kuwa ko'ina tsada, shi ya cinye rabin kuɗin dakon.

Tafa muka kwana. Kaduna ta baifas, Zariya, Kwanar Ɗangora, sai gida, muka zaga ta bayan gari zuwa Hotoro don gudun gadojin cikin birni.

Alhaji na tsaye da fitila lokacin da aka sauke ta. Na ce ranka ya daɗe alfarma biyu nake nema, a ƙara wa yaron motar nan wani abu nasa na kansa, kuma kar a cire injin a sayar wa 'yan gwangwan. Na farko ya yi nan take. Na injin ya ce zai duba, gobe zan koma da batir in tayar masa ya ji ƙararsa da kunnensa.