Daga Diani zuwa Nairobi: mu uku, hanya uku

Asabar, Nairobi, bayan sallar isha'i.

Taron da ya kai mu Diani, a bakin tekun Kenya, ya ƙare jiya Juma'a da yamma, gobe kuma jirginmu na komawa gida zai tashi daga nan Nairobi. Mu uku ne masu jin Hausa a wurin: ni, da wata Hajiya ma'aikaciyar lafiya daga Katsina, wadda a haife ta haife ni, sai wani matashi ɗan Damagaram da nake kira ƙanina. Tun ranar Alhamis muke shawarar yadda za mu baro bakin teku, ba mu daidaita ba. Hajiya ta ce gwiwarta ba za ta ɗauki dogon zama ba, jirgin sama za ta hau. Ƙanina ya ce kuɗin guzurinsa yana da wurin zuwa a gida, don haka motar dare zai bi. Ni kuwa zuciyata na kan jirgin ƙasa tun kafin in zo Kenya. Kowa ya kama tasa, muka yi alkawarin haɗuwa a masauki ɗaya.

Na yi asuba a ɗaki, na fito da jakata duhu bai gama yayewa ba. Iskar teku ko a wannan lokacin da ɗumi take, mai danshi, riga na manne wa mutum a baya. Diani tana kudu da Mombasa da kamar kilomita 30, a gundumar Kwale, tashar jirgin kuma ba a cikin garin Mombasa take ba, tana can Miritini a yamma da shi. A da duk mai zuwa tashar daga Diani sai ya bi ta Likoni, ya jira jirgin fito ya tsallakar da shi zuwa tsibirin Mombasa, ya ratsa cunkoson gari, sannan ya sake fita ta ɗaya gefen. Direban tasin da ya ɗauke ni ya ce a wancan lokacin ba ya yarda ya ɗauki mai jirgin ƙarfe 8 idan bai tashi tun ƙarfe 4 ba, domin layin motoci a bakin fito ba shi da tabbas. Yanzu akwai sabuwar hanyar Dongo Kundu da aka buɗe a 2024, wadda aka gina da rancen Japan, tana zagaye tsibirin ta kan gadoji. Ba mu cika awa ɗaya ba muka isa. Sai dai kuɗin tasin nan ya fi kuɗin tikitin jirgin kansa, kuma wannan ne abin da masu cewa jirgin ƙasa ya fi araha ba sa sawa a lissafi. Akwai ƙananan motocin haya da ke haɗa fasinjoji daga Ukunda, garin da ke jikin Diani, zuwa tashar a kan kuɗi kaɗan. Wanda ba shi da kaya da yawa, su ya kamata ya nema tun da dare.

Tikitina na ƙaramin aji ne, shilin 1,500. Babban aji 4,500 ne. Waɗannan farashin tun farkon 2024 suke, kafin nan 1,000 ne da 3,000. Ta M-Pesa, tsarin biyan kuɗi ta waya na Kenya, ake biya, ni kuma ba ni da layin Kenya, sai wani ma'aikacin otal ya saya mini da wayarsa na ba shi kuɗin a hannu, Allah ya saka masa. Suna da lambar fasfo ake sawa, kuma ana dubawa a ƙofa.

Bincike a tashar ba wasa. Tun daga waje aka sa muka jera jakunkuna a ƙasa, muka ja da baya, aka zo da karnuka suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna shinshinawa, sannan aka wuce da su ta na'ura. Wata dattijuwa a gefena, cikin baƙar abaya irin ta matan gaɓar teku, ta ɗaure fuska sosai da kare ya kai hanci kan jakarta. Na fahimce ta. Musulmin wannan yanki galibi Shafi'awa ne, a wurinsu kuwa yawun kare najasa ce mai nauyi, ba kamar yadda muka karanta a Malikiyya ba. Amma ni binciken bai dame ni ba ko kaɗan. Duk wanda ya san abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ba zai yi ƙorafi don an tsayar da shi ana duba kaya ba. Ina tsaye a layin nan mutanen da aka kashe da waɗanda suka yi watanni a daji suka faɗo mini a rai, na yi musu addu'a.

Ƙarfe 8 daidai jirgin ya motsa. Ban ce da minti biyu ba, ban ce da biyar ba.

Madaraka Express suke kiransa, ya fara aiki a ƙarshen Mayun 2017, tsawon layin daga Mombasa zuwa Nairobi kilomita 472. Sau uku yake tashi a rana: na safe, na ƙarfe 3 na yamma, da na ƙarfe 10 na dare. Na safen shi ne mai tsayawa a kowace tasha, Mariakani, Miasenyi, Voi, Mtito Andei, Kibwezi, Emali, Athi River, don haka ya fi sauran jinkiri, kusan awa shida. Da gangan na zaɓe shi. Na yamma duhu ke riskarsa kafin ya isa, na dare kuma ba abin da mutum zai gani sai fuskarsa a gilashi.

Kujerun ƙaramin aji a miƙe suke, ba sa kwantawa, ana zama ana fuskantar juna da ɗan teburi a tsakani. Bayan awa uku baya yana fara magana, gaskiyar Hajiya ce da ta guje shi. Amma mutum na iya tashi ya taka, akwai banɗaki mai tsabta, ana zagayawa da shayi da sambusa da mandazi a keken turawa. Kuma akwai taga.

Tagar nan ita ce ribar tafiyar. Da farko bishiyoyin kwakwa ne da mangwaro da jar ƙasa mai laima. Kafin mu kai Voi duk sun ɓace, ƙasa ta bushe, sai ƙaya da duwatsu da gonakin sisal, tsiron da ake igiya da shi, jere-jere har inda ido ya tsaya. Daga nan layin ya shiga tsakanin gandun dajin Tsavo ta Gabas da na Tsavo ta Yamma. An ɗaga shi a kan dogayen gadoji a wurare da dama domin namun daji su riƙa wucewa ta ƙasa. Wani yaro a kujerar gabanmu ne ya fara ihu, kowa ya taso gefe ɗaya: giwaye ne, garke guda, da 'ya'yansu, jajaye saboda ƙurar da suke watsa wa jikinsu. Can gaba muka ga jakunan dawa da raƙuman dawa biyu suna cin ganye. Turawa na biyan daloli su shiga dajin nan, mu kuwa a cikin shilin 1,500 aka haɗa mana. Wajen Mtito Andei da Kibwezi sai ga kuka, manya-manya, wasu a tsaye su kaɗai a tsakiyar gona. Na daɗe ina kallonsu. Mutumin da ke kusa da ni ya ce su 'ya'yan suke dafawa da sukari da jan launi a sayar wa yara. Da na gaya masa mu har ganyen muke busarwa mu yi miya, sai da ya sa na maimaita.

Malamin makaranta ne mai ritaya, za shi Emali wurin 'yarsa. Shi ya nuna mini tsohon layin dogo da ke bin gefenmu, siriri, ciyawa ta cinye shi a wasu wuraren. Turawan Ingila suka fara shi daga Mombasa a 1896, ya kai bakin tafkin Victoria a 1901, da ƙarfin leburorin da aka kwaso daga Indiya. A Tsavo ɗin nan ne a 1898 zakuna biyu suka addabi masu gina gada, suna shiga tantuna da dare suna ɗauke mutane. Nairobi kanta, in ji shi, sansanin ma'aikatan jirgi ce da aka kafa a 1899, kafin ta zama birni. Ya ce yana saurayi ya sha hawa tsohon jirgin, a shiga da yamma a kwana a ciki, a isa da safe idan an yi sa'a.

Na ce masa, “Baba, ai kun huta yanzu.” Ya girgiza kai. Ya ce hutun da bashi aka sayo shi. Aikin ya ci sama da dala biliyan 3, kusan duka rance ne daga bankin Exim na China, kamfanin China ne kuma ya gina, kuma har yau daga harajinsu ake biya. Ya ƙara da cewa garuruwan da ke kan titin mota, masu rayuwa da direbobin tirela da fasinjojin bas, kasuwarsu ta ja baya tun da aka karkata kaya da mutane zuwa layin dogo. Ban yi masa gardama ba, ƙasarsa ce, shi ke biya. Abin da na gaya masa kawai shi ne, mu ma da rancen China aka gina namu na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma idan har za a ci bashi, gara a ci shi a kan abin da talaka zai hau ya isa lafiya a kan lokaci. A taragonmu na ga mata masu goyo, da ɗalibai, da tsofaffi, ba wanda ya yi kama da mai kuɗin jirgin sama. Ya ce wannan kam haka ne. A Emali ya sauka, muka yi musabaha hannu biyu.

Daga nan jirgin ya yi ta hawa. Ba a jin hawan a jiki, sai dai iska ta canja. Nairobi tana sama da teku da kusan mita 1,800, da na sauka a Syokimau bayan ƙarfe 2 kaɗan sai na ji sanyi irin na Jos, na ciro rigar da ban taɓa ba tun zuwana. Ita ma wannan tashar a wajen gari take, kusa da babban filin jirgin sama na Jomo Kenyatta. Wanda zai wuce ƙasar waje kai tsaye ya ci riba. Mai shiga gari kuma akwai ƙaramin jirgi da ke jiran fasinjoji ya kai su tsohuwar tashar tsakiyar birni a kan kuɗi kaɗan, shi na bi. Na haɗa azahar da la'asar, ƙasaru, a masallacin Jamia, sannan na nufi masauki.

Ƙanina na tarar yana barci tun hantsi. Da ya tashi ya ba ni labari. Bas ɗin a Ukunda ya shige ta, tafiyar minti kaɗan daga otal a keke napep, ta sauke shi a tsakiyar Nairobi, ba tasi a farko ba tasi a ƙarshe, ga shi ya tsira da kuɗin ɗaki na dare guda. A lissafin aljihu ya fi mu duka, nesa ba kusa ba. Amma ya ce bai runtsa ba. Titin mafi yawansa falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa, kuma shi ne hanyar tirelolin da ke ɗauko kaya daga tashar ruwan Mombasa zuwa Uganda da Ruwanda da Sudan ta Kudu da gabashin Kwango. Duk lokacin da direba ya fita zai wuce jerin tireloli, ya ce sai ya kama salati. Sun tsaya a Mtito Andei cikin dare aka sha shayi. Sama da awa goma suka yi, asuba ta same su a hanya, sai da suka sauka ya yi salla.

Hajiya kuwa ta yi walaha a bakin teku, ta karya a natse, ta tafi ƙaramin filin jirgi na Ukunda da ke bayan otal-otal ɗin, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna tana filin Wilson a Nairobi. Kuɗin ya ninka nawa sau da yawa. Abin da ya ɗaure ta shi ne kaya: ƙananan jiragen nan kilo 15 suke yarda da shi, ita kuma ta sayi atamfofin kanga da kayan ƙamshi na tsaraba, sai da ta biya ƙari. Duk da haka ta ce ko gobe haka za ta yi.

Da muke cin abincin dare na nuna musu hoton giwayen. Hajiya ta karɓi wayar ta daɗe tana dubawa, ta ce, “Ɗana, ai da ka matsa mini da na daure.” Na ce, “Hajiya, da babban aji za mu saya miki, kujerarsa tana kwantawa, kuma bai kai kuɗin jirgin sama ba.” Ƙanina ya ce shi dai ko an sake, motar zai bi, domin abin da ya rage masa ya isa kuɗin makarantar ƙanwarsa na zango guda. Na ce masa to ya bi ta rana, kada ya sake bin titin nan da dare. Ko kuma ya haɗa kuɗin mota da wasu zuwa Miritini ya hau jirgin ƙarfe 10, shi ma ya tsira da kuɗin ɗakin. Ya ce, “Yaya, wannan ban yi tunaninsa ba,” ya ciro waya ya rubuta.

Hajiya ta ce mu kasance a shirye ƙarfe 5 na asuba, ta riga ta yi magana da mai tasi, kuma jakarta ɗaya ni zan riƙe mata saboda nauyi.