Kamshaf mai tozo a injin MX-5: inda na kai a mako na bakwai

Abokan koyo, barkanku da aiki. Motar ta tashi ranar Asabar da la'asar, kuma yau kwana huɗu ke nan ina fita da ita. Amma labarin digiri uku ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin su suka cinye mini mako biyu, su ne kuma suka fi koya mini aiki.

Ga wanda bai san motar ba, Mazda MX-5 ce ta zubin farko, wadda aka fara nunawa a Chicago a 1989. Tawa ta 1992 ce, ta shigo daga Amurka ta Kwatano, ta daɗe ajiye a wani gareji a nan Kaduna ba mai taya ta saboda kujera biyu ce kawai. Injinta B6 ne, siisii 1598, silinda huɗu, bawul 16 (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi), kamshaf biyu a sama (sandunan da tozonsu ke tura bawul ya buɗe), ɗaya na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi. Daga kamfani ƙarfin doki 116 take bayarwa, jan layin agogonta kuma yana kan juyi 7200 a minti. Inji ne mai son a taka shi, shi ya sa masu sana'ar kamshaf irin su Kent da Piper na Ingila da Toda na Japan suka daɗe suna ƙera masa.

Na yi odar nawa daga waje, guda biyu, masu digiri 264 (yawan juyin da inji ke yi bawul yana buɗe) da ɗagawar bawul ta milimita 9. Na asali da na auna da kaina ɗagawarsa tana wajen milimita 7.8. A ido bambancin ba wani abu ba ne, sai ka jera su a kan benci ka dubi tozon. Na sabon ya fi faɗi a kafaɗa, wato yana buɗe bawul da wuri, ya riƙe shi, ya rufe a makare.

Wannan rufewa a makare ita ce zuciyar maganar. Idan inji yana gudu sosai, iskar da ke shigowa tana da nauyin tafiya, ko fistan ya kai ƙasa ya fara dawowa tana ci gaba da tururuwa cikin silinda. Kamshaf mai tsawon buɗewa yana barin ƙofa a buɗe don ta gama shiga. Amma a ƙaramin gudu iskar ba ta da wannan ƙarfin, sai fistan ya turo wani kaso ya koma inda ya fito. Saboda haka duk abin da ka samu a sama, ka biya shi a ƙasa. Maigidana a gareji, wanda ya shekara talatin yana kwance inji, ya gaya mini tun ranar farko cewa kamshaf ba ya haifar ƙarfi, ƙaura yake yi da shi daga wannan unguwa zuwa waccan. Shi ya hana ni sayen mai digiri 272. Ya ce, "Kai ɗan nan, a cunkoson Kawo za ka riƙa tuƙa motar nan ko a filin tsere?" Gaskiyarsa ce.

Wani abu game da lambobin nan: 264 ɗin da ake rubutawa a kwali na talla ne, kuma kowane kamfani da inda yake fara ƙirgawa. Awon da za ka iya kwatanta kamshaf biyu da shi shi ne wanda aka ɗauka bayan bawul ya ɗaga wani tsayayyen adadi. Amurkawa suna amfani da inci 0.050, wato milimita 1.27, wasu kamfanonin Turai da Japan kuma milimita 1. Ku nemi wannan lambar a takardar da ke zuwa da kayan kafin ku biya kuɗi.

Kwancewa ba ta ba ni wahala ba. Murafan da ke danne kamshaf suna da lamba, kuma ba a musanya su, don tare da tof ɗin, wato kan injin da ke rufe silinda, aka huda su a kamfani. Ana sassauta su kaɗan kaɗan a zagaye, saboda sifirin ɗin bawul yana turo sandar daga ƙasa, idan ka saki gefe ɗaya gaba ɗaya tana iya karyewa. Tafet guda 16, ƙananan kofunan da ke tsakanin tozo da bawul, na jera su a kwalin ƙwai bisa tsarin ramukansu. Da yake hunturu ne, ƙura ba ta barin komai, duk lokacin da na tashi sai na lulluɓe injin da leda da tsohon zani.

Tunda gasket ɗin yana tsatsar ruwa, na cire tof ɗin baki ɗaya. A nan na ga alamar an taɓa kai shi wajen masu lalle an share fuskarsa, kuma maigida da ya shafa ya ce ba sau ɗaya ba. Kun san halin motocinmu, lagireto ya toshe, inji ya tafasa, tof ya lanƙwashe, a kai a yanke. Na ji maganar, ban ɗauke ta da nauyi ba sai daga baya.

Na haɗa komai, na jera alamomin fuli, wato ƙafafun masu haƙora da bel ke juya kamshaf da su, kamar yadda littafi ya ce, na ƙirga haƙora 19 na bel tsakanin alamomin sama guda biyu. Komai ya zauna daidai. A raina aiki ya ƙare. Maigida ya miƙo mini faifan digiri da agogon awo, ya ce alama ta kamfani ce, an yi ta ne don injin da bai taɓa ganin bakanike ba.

Ga yadda muka yi. Faifan digiri ana ɗaura shi a hancin karanshaf, babbar sandar ƙasa da fistan ke juyawa, a lanƙwasa waya a kafe ta a jikin inji ta zama manuni. Abu na farko shi ne gano ainihin ƙololuwar fistan na ɗaya. Ba a yarda da ido a nan, domin a can saman fistan yana ɗan tsayawa na wasu digirori kamar ba ya motsi. Sai muka zura agogon awo da doguwar sanda ta ramin fulogi, muka karanta faifai lokacin da saura milimita 2 fistan ya kai sama, muka wuce, muka sake karantawa da ya sauko milimita 2. Tsakiyar lambobin biyu ita ce sifili ta gaskiya. Daga nan muka mai da agogon kan gefen tafet na bawul ɗin shiga, muka yi irin wannan dabara: karatu ɗaya kafin tozo ya kai ƙarshen ɗagawa, ɗaya bayan ya wuce, a haɗa a raba biyu. Ana juya injin ne ta hanyar da yake juyawa kullum, ba a komawa baya, don bel ya kasance a miƙe.

Takardar kamshaf ɗin ta ce tsakiyar tozon shiga ta faɗo a digiri 110 bayan ƙololuwa. Na samu 113. Na maimaita sau uku, 113 ɗin dai. Na hayaƙi ya kamata ya zama 110 kafin ƙololuwa, na samu 108. Dukansu sun makara.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta zargin kayan da na saya. Washegari maigida ya zana mini abin a ƙasa da tsinke. Idan aka share fuskar tof, kamshaf ya ɗan matso kusa da karanshaf. Tsawon bel bai canza ba, haƙoransa ba su canza ba, rarar da ta samu sai tenshona, mai ɗame bel, ta janye ta gefenta, hakan kuma yana juya fulin kamshaf baya kaɗan. Ƙara da ɗan wasan da ke tsakanin fuli da fegin da ke riƙe shi, ga digiri ukunka. Kayan ba su da laifi. Kuma ba za ka gyara ta hanyar tsallake haƙori ba, don haƙori ɗaya ya fi digiri 10 nesa ba kusa ba. Dole sai fuli mai saiti, wanda tsakiyarsa ke juyawa daban da haƙoransa idan ka sassauta ƙananan notuna. Na zaga Panteka ban samu na wannan injin ba, sai oda na sake yi, na jira kwana goma sha biyu.

Wani zai ce digiri uku me zai yi? Mota za ta tashi, za ta yi tafiya. Amma bawul ɗin shiga da dama yana rufewa a makare, ka ƙara masa wata makarar, ƙarfin ƙasan da kake lallaɓawa ya ƙara zubewa. Sai ka zauna kana cewa kamshaf ɗin banza ne, alhali ba ka taɓa jin shi a inda mai ƙera shi ya nufa ba. A riƙa tunawa kuma cewa kamshaf yana juyi ɗaya ne a duk juyi biyu na karanshaf, don haka layi ɗaya a jikin fuli na iya zama digiri biyu a faifai. Faifan nake bi, ba layukan ba.

Kafin na ɗaure tof na ƙarshe, sai da na auna tazarar bawul da fistan. Sunan da injin nan ya yi shi ne ko bel ya tsinke bawul ba ya dukan fistan. Wannan gaskiya ce da kayan kamfani. Da ɗagawa ta ƙaru, tof kuma ya ragu, wannan alkawarin ya tashi. Na shafa mai a kan fistan, na manna yumɓun roba irin na wasan yara, na ɗora tof da tsohon gasket, na juya injin da hannu zagaye biyu, na buɗe na yanka yumɓun da reza na auna kaurinsa. Abin da aka saba nema shi ne kusan milimita 2 a ɓangaren shiga da 2.5 a na hayaƙi, nawa ya haura duka biyun. Akwai tarko a nan: tafet ɗin wannan zubin na mai ne, in babu matsin bakin mai yana lotsawa, sai ya nuna maka tazara fiye da ta gaskiya. Maigida ya sa na cika tsofaffi biyu da washa suka zama daskararru, da su muka yi awon. Mazda ba ta koma daskararren tafet mai shim (siririn faifan ƙarfe na daidaita tazara) ba sai a zubi na biyu, don haka masu tsohuwa irin tawa su kula. Na kuma duba sifirin a cikakkiyar ɗagawa, na tabbatar zagayensa ba su haɗe da juna ba.

Na sa sababbin tafet, na shafe kowane tozo da man haɗa inji mai kauri, na ɗaure murafai da sifana mai awo, na zuba bakin mai mai sinadarin zinki. Ranar tayarwa ba a barin sabon kamshaf a sulo. Da ta kama na riƙe ta tsakanin juyi 2000 da 2500 na minti 20, ina ɗan motsa totur, idona a kan agogon zafi, wani yaro yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. Tafet suka yi ƙaf-ƙaf na 'yan mintuna har mai ya cika su, suka yi shiru. Alhamdu lillahi.

Abin da na kusa mantawa shi ne taimin ɗin wuta. A wannan injin, na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota lokacin ba fulogi wuta tana bayan kamshaf ne, shi ke juya ta. Da na matsar da fuli, wuta ma ta matsa. Sai na haɗa ramuka biyu masu suna TEN da GND da guntuwar waya a ƙaramin akwatin gwaji, na haska fitilar taimin, na mai da ita digiri 10 kafin ƙololuwa. Na san akwai masu kai ta 14. Da zafin garinmu da tof ɗin da aka riga aka yanke, na bar ta a 10 har sai na gama sauraronta.

Yanzu yadda take. A sulo tana ɗan rawa, sai da na ɗaga ta daga 850 zuwa wajen 1000 kafin ta daina neman mutuwa in na kunna fitilu. Birki yana nan da ƙarfinsa, na gwada shi sau da yawa kafin na bar unguwa, domin dogon kamshaf yana rage zuƙar da ke taimaka wa birki. Ƙasa da juyi 2500 ta yi ɗan sanyi, tashi daga danja yana son ƙarin totur da sassauta kuloci a hankali. Daga 4500 kuwa wata mota ce daban. A da tana kaiwa 6000 sai ka ji numfashinta ya fara ƙarewa, yanzu tana ja har jan layi. A giya ta biyu nake gwadawa, da sassafe a hanyar da ba jama'a, don ko a 7000 ba ta kai kilomita 100 ba.

Saura ƙwaƙwalwa. Ta kamfani tana auna iska da wani murfi mai lilo, kuma a sulo iskar da ke komowa baya tana kaɗa shi, fulogin da na cire jiya sun ɗan yi baƙi. Na sayi na'urar auna cakuɗin iska da fetur, mai walda zai huda salansa ya dasa mata mazauni ranar Laraba. Abin da nake son gani shi ne wajen kaso 14.7 na iska ga kaso ɗaya na fetur a tafiyar yau da kullum, 12.5 zuwa 13 idan an take totur. In lambobin suka kauce, to Megasquirt, ƙwaƙwalwar da mutum ke iya saitawa da kansa, ce ta gaba, kuma wannan karatu ne sabo. Kafin nan zan zubar da man farko in yanka filta in duba ko akwai garin ƙarfe, sannan in sake ɗora faifai in ga ko 110 ɗin tana nan bayan bel ya zauna.