Kalanguna ne ya kayar da ni a Ingila

Har gobe idan na tuna da bidiyon nan sai kunya ta lulluɓe ni. Minti talatin ne, ni da wani yaro ɗan shekara bakwai mai lalurar galahanga, a wani ɗan ɗaki na makarantar yara masu buƙata ta musamman. Malamar da ke duba aikina ta sa ni na zauna na kalle shi tun daga farko, ta miƙo mini agogo ta ce in auna duk inda na tsayar da kiɗa na yi shiru. Shirun da ya fi kowanne tsawo daƙiƙa huɗu ne. Huɗu kacal, a cikin rabin awa.

Na tafi Ingila a watan Satumban 2022 don yin digiri na biyu a fannin jinya da kiɗa. Karatun shekara biyu ne, kuma a can ba ka da ikon kiran kanka mai wannan sana'a sai ka gama kwas ɗin da aka amince da shi, hukumar HCPC mai kula da ma'aikatan lafiya ta yi maka rajista, kamar yadda take yi wa masu gashin ƙashi. Na faɗi haka ne domin mutanen gida sun ɗauka wasa na je yi. Ranar da na je sallama, Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗana, yanzu duk roƙon da ake yi a garin nan bai ishe ka ba, sai ka haye jirgi ka koyo na Turawa?" Na ce, "Kawu, aikin asibiti ne." Ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin addu'ar nan da ka san ba ta kai zuci ba.

Gwajin shiga bai ba ni wahala ba. Na buga piyano, aka ce in ƙirƙiri kiɗa nan take ba shiri, sannan na ciro kalangu daga jaka. Na ga idanunsu sun buɗe. A nan girman kai ya fara shiga ta, ban sani ba. Shekarar farko ma lafiya ƙalau: karatun halayyar ɗan Adam, yadda uwa da jariri ke amsa wa juna da murya tun kafin ya iya magana, tarihin fannin tun daga asibitocin tsofaffin sojojin Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, da digirin farko da aka buɗe a Jami'ar Jihar Michigan a 1944, da kwas ɗin da makaɗiya Juliette Alvin ta kafa a makarantar kiɗa ta Guildhall da ke Landan a 1968. Akwai kuma sharaɗin cewa kai ma ɗalibi sai ka riƙa zuwa wajen mai jinyar ƙwaƙwalwa ana sauraron damuwarka, da kuɗinka. Wannan ya ci mini rai da farko, ni da ko ciwon kai ba na kai wa likita, amma na saba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na san amsar a takarda. Na rubuta dogon bayani a kan ƙa'idar Ira Altshuler, likitan ƙwaƙwalwa na Michigan, wanda tun shekarun 1940 ya ce ka fara tarar da majinyaci a inda yake, ka daidaita kiɗanka da yanayinsa da saurinsa, kafin ka yi tunanin jan sa zuwa wani wuri. Na rubuta a kan Paul Nordoff da Clive Robbins, da suka fara aiki tare a 1959 da yara masu naƙasa, suna ɗaukar kowane zama a faifai su dawo su saurara dalla-dalla don su ji abin da yaron ya yi. Na samu maki mai kyau. Sai ga ni a gaban yaro na gaske, duk ya bi ruwa.

Yaron ba ya magana. Yana shigowa sai ya nufi wata ƙaramar ganga ya ɗan taɓa ta da yatsa biyu, tak, tak, ya tsaya. Ni kuwa da na tashi a gidan biki, inda makaɗi ba ya barin fili ya yi sanyi, da na ji tak ɗin nan sai jinina ya motsa. In matse tsarkiya a hammata, in saki gula, in zuba masa kiɗa mai daɗi wanda da a gida ne sai an yi mini liƙi. Shi kuma sai ya janye hannu. Mako na uku ya fara toshe kunne. Mako na biyar ya koma lungu ya juya mini baya, ni kuma na ƙara ƙaimi wai ina jawo hankalinsa.

Sau biyu malamar ta ja mini kunne. Ta ce in rage, in jira. Na amsa da to a baki, amma a zuciyata cewa nake yi matar nan ba ta san kiɗanmu ba, su sun saba da abu sanyi-sanyi. Har na faɗa wa wani abokin karatuna cewa bambancin al'ada ne kawai. Wannan maganar ita ce ta fi ba ni kunya yanzu, domin na fake da al'adar da ita kanta ta fi ni sanin gaskiyar lamarin. A wace tawagar mawaƙa ɗan amshi yake rufe bakin mai waƙa? Yaron shi ne mai waƙar. Tak, tak ɗin nan baitinsa ne, kuma tsayawar da yake yi jira yake a amsa masa daidai da abin da ya faɗa. Ni da aka ɗauka amshi sai na ƙwace waƙar, na yi ta rerawa ni kaɗai har mako bakwai.

A bidiyon ne na ga abin da ban gani ba a ɗakin. Minti na shida, ya ɗago kai ya dube ni, hannunsa a sama zai sake bugawa. Ni idona na kan kalangu. Hannun ya sauka a cinyarsa. Malamar ta mayar da wurin sau uku ba ta ce uffan ba.

An kayar da ni a wannan zangon aikin sanin makama, aka ce sai na maimaita. Ba zan ce an zalunce ni ba, ko da yake na kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa laifi. Maimaitawa kuwa ga ɗalibin waje ba ƙaramin abu ba ne. Bizata za ta ƙare kafin in gama, sai an tsawaita, ga kuɗin bizar, ga harajin lafiya da aka ɗaga daga fam 470 zuwa 776 a shekara a watan Fabrairun 2024, ga haya, ga jirgin ƙasa zuwa wurin aikin. A daidai lokacin nan fam ɗaya ya haura naira dubu biyu a kasuwar bayan fage. Doka kuma ba ta bari ɗalibi ya yi aikin kuɗi fiye da awa 20 a mako lokacin karatu, don haka ba yadda za ka yi ka cike ramin da guminka. Na buga wa yayana waya murya na rawa. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ƙanena, nawa ne?" Bai tambaye ni garin yaya ba. Bayan mako biyu na ji a bakin Umma cewa ya sayar da filinsa.

Duk mai shirin wannan karatu, musamman wanda ya riga ya iya kiɗa har ana tafa masa, ya ɗauki kansa a bidiyo tun zaman farko, da izinin wurin da na iyaye, ya kalla a daren, ya zuba wa majinyacin ido ya bar kallon hannun kansa. Ya kuma tanadi kuɗin aƙalla wata shida a gefe. Ni ban yi ko ɗaya ba. In malamin da ke duba ka ya maimaita magana sau biyu, ta uku a takardar sakamako za ka gan ta.

Zango na biyu an tura ni gidan kula da tsofaffi masu gigin tsufa. Na bar kalangu a gida da gangan har mako shida. Akwai wata tsohuwa da ba ta yi wa kowa magana, sai dai ta riƙa shafa hannun kujera a hankali, gaba da baya. Na zauna kusa da ita, hannuna a kan piyano, ina ƙirga numfashinta. Wallahi jikina ƙaiƙayi yake yi. Na fi minti biyu ban taɓa komai ba, sannan na danna sauti ɗaya daidai lokacin da hannunta ya kai ƙarshen kujerar. Ta dawo da hannun, na sake dannawa. A karo na biyar sai ta tsayar da hannun a tsakiya, ta juyo ta dube ni, kamar mai cewa to ya aka yi, ina sautin? Na jira. Ta motsa, na amsa. Ta yi 'yar dariya, ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji.

Na ci zangon, na samu rajista. Yaron nan kuwa ban sake ganinsa ba, an ba wata ɗaliba shi, na ji an ce har ya fara zama kusa da ita a kan benci. Na yi masa murna, amma abin ya tsaya mini a wuya. Kuɗin filin Yaya saura biya huɗu in gama, Kawu kuma har yanzu in muka yi waya sai ya ce, "Ina labarin roƙo?"