Kaskon Gwaggo da ƙararrawar gobara

Autarmu ce ta ja mana. Tun 2018, da ta ji cewa Meghan ta kwana a Cliveden a jajibirin aurenta da Yarima Harry, ta ƙudura a ranta cewa in Allah Ya kawo miji, ita ma a irin wannan gida za a yi walimarta: tsohon gidan masu sarauta a karkarar Ingila, wanda aka mayar otal. Da mijin ya zo, sai aikin ya faɗo kaina, don ni ce babba, kuma na fi kowa daɗewa a ƙasar. Na leƙa farashin Cliveden, na rufe kwamfuta a hankali, na ce mata, "Auta, daidai ruwa daidai tsaki." Muka yi ta lalube har muka samu wani a Derbyshire, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna daga Manchester inda muke zaune. Ba zan faɗi sunansa ba, don abin da ya faru a cikinsa mu ya kamata mu ji kunya, ba su ba.

Cikin Fabrairu muka fara zuwa gani, ana yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi. Daga ƙofar waje zuwa gindin gidan sai an ɗan taɓa tafiya a mota, tumaki na kiwo hagu da dama. Ginin dutse ne hawa uku, na ƙarni na 18. Abin da ya fara ɗaukar idona wasu tagogi ne biyu da aka toshe da bulo, ga siffar taga amma ba gilashi. Na ɗauka gyara ake yi. Baturiyar da ke kula da harkar biki ta ce a'a, aikin haraji ne. Daga 1696 har 1851 gwamnatin Ingila na karɓar haraji gwargwadon yawan tagogin gida, sai wasu suka riƙa toshe nasu. Na ce a raina, ashe ba Fulani kaɗai ke ɓoye shanu ranar jangali ba.

Ta sauka da mu ƙasa, wajen tsohon kicin. A bangon lungun akwai ƙananan ƙararrawa a jere, kowacce da sunan ɗaki a ƙarƙashinta. In mai gida ya ja igiya a sama, sai ɗaya ta kaɗa a nan, bara ya ɗaga kai ya ga inda ake nemansa. Gida irin wannan ba ya tsayuwa sai da barori birjik, kuma daga yaƙin duniya na ɗaya barorin suka fara samun abin da ya fi. A yaƙi na biyu gwamnati ta karɓe irin waɗannan gidaje da yawa ta zuba sojoji da majinyata, aka mayar wa masu su a ragargaje. Sai kuma harajin gado, wanda a 1949 ya kai kashi 80 cikin ɗari a kan manyan dukiyoyi. Ko Chatsworth, babban gidan da ke wannan yankin, da mai shi ya rasu a 1950 sai da magada suka rabu da zane-zane masu tsada da wani gidan nasu, Hardwick Hall, kafin su biya. Da yawa cikin waɗanda ba su da abin sayarwa suka rushe nasu. Wasu gidajen suka koma makarantu, ko hannun ƙungiyar National Trust mai adana wuraren tarihi, ko otal. Da dokar 1994 ta ba da dama a riƙa ƙulla auren hukuma a wurare masu lasisi, ba sai a coci ko ofishin rajista ba, sai biki ya zama abin da ke riƙe da wasu da dama cikinsu. Matar ta nuna silin da yatsa ta ce kuɗinmu can za su tafi, wajen gyaran rufi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A kan matakala akwai hotunan masu gidan na da, maza da gashin aro fari, mata da wuya kamar na balbela. Tun da National Trust ta fitar da rahoto a 2020 ta ce 93 daga cikin wuraren da take kula da su na da alaƙa da cinikin bayi ko mulkin mallaka, ba na iya kallon irin waɗannan hotuna da ido ɗaya. Na tsaya ina hasashen ranar da gwaggwaro da babbar riga za su cika falon nan a ƙarƙashin idonsu. Na ji wani abu, daɗi-daɗi, ɗaci-ɗaci.

Takardar yarjejeniya ta zo da kauri. Gidan na cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare, mataki na biyu cikin matakai uku, kuma a Ingila laifi ne a sauya wani abu a jikin irin wannan gini ba tare da izini ba. Don haka ba a kafa ƙusa, ba a manna komai a bango, ba a jan kujera a kan daɓen katako, ba a kunna kyandir. Na karanta da ido ɗaya, ɗayan yana kan shafin kuɗi. Na sa hannu.

Rigimar farko a kan yawan mutane aka yi ta. Ɗakin cin abincin mutum 120 yake ɗauka, ba don ba fili ba, sai don ƙa'idar gobara, kuma kowane kai da kuɗinsa. Jerin sunayen da Inna kaɗai ta kawo ya haura haka. Da na ce sai kowa ya amsa gayyata a rubuce, an kuma liƙa sunansa a gaban farantinsa, sai ta ajiye carbi ta dube ni. "Yanzu mutum ya yi wanka ya taso bikin 'yata, a ce masa ba kujera? Ke kika haife ta ko ni?" Ban yi musu ba. Abin da ya raba gardamar shi ne muka kama wani ɗakin taro a Manchester, muka yi kamu da yinin biki a can ranar Alhamis, ƙofa a buɗe, kowa da kowa, tukwane a jere. Da na san haka tun farko da na rage wa kaina hawan jini na wata guda. Duk da haka, ranar walima mutum tara suka zo ba sunansu, aka yi ta goya yara a cinya.

Sai giya. Da na ce ba za a buɗe mashaya ba, fuskar manajan ta canza, don a nan ribarsu take. Aka ƙara mana kuɗin hayar wuri a madadin haka, mu kuma muka roƙi a bar mu mu kawo zoɓo da kunun aya. Suka yarda.

Wajen abinci na fi shan wahala, kuma a nan na fi koyon abu. Otal ɗin na alfahari da kicin ɗinsa: naman rago daga gonar maƙwabta, ganye daga tsohon lambun gidan mai katanga. Mun je ɗanɗano, aka kawo mana faranti kamar faifai da yankan nama biyu a tsakiya da ɗigon miya a gefe. Auta ta ce ya yi kyau. Kawu ya cinye nasa a loma biyu ya zauna yana jiran abinci. Ba sa barin mai dafa abinci daga waje sai yana da inshora da takardar shaidar tsafta, kuma Hajiyar da ke mana girkin biki tana da ta biyun amma ba ta da ta farko. Daga ƙarshe muka raba aiki da babban kuku: shi zai gasa ragon halal, ya yi kayan zaƙi, mu za mu biya wa Hajiya inshora ta kawo dafa-duka da masa da miyar taushe da tsire. Ya zaunar da ita da biro da takarda, ya ce ta lissafa duk abin da ke cikin kowane girki, don doka ta ware abubuwa 14 da dole a sanar da mai ci saboda masu borin jini, gyaɗa na ciki. Hajiya ta ce tsire ai nama ne da yaji. Sai da na tuna mata yajin ƙuli-ƙuli ne, miyar taushen ma da gyaɗa. Ashe a dangin ango akwai yaron da ko ƙamshin gyaɗa ba a so ya kusanta. Tun ranar na daina yi wa takardunsu dariya.

Juma'a aka ɗaura aure a masallaci. Amma ɗaurin aure kaɗai, in ba a masallaci mai rajistar aure aka yi ba, dokar Ingila ba ta lissafa shi, don haka tun da wuri Auta da angonta suka kai sanarwa ofishin rajista, wanda dole ya kasance aƙalla kwana 29 kafin ranar. Asabar da rana jami'ar rajista ta zo otal. A irin wannan zama ba a sa komai na addini, ko Fatiha. Kawu ya riga ya ɗaga hannu, na raɗa masa, "Kawu, a yi haƙuri sai ta fita." Tana rufe ƙofa ya buɗe da salati, ya kuwa rama.

Abincin da suke kira karin kumallon biki ƙarfe huɗu na yamma ake ci, kuma huɗun nan huɗu ce. Na rubuta ƙarfe biyu a katin gayyata, dabarar da duk wanda ya taɓa gayyatar mutanenmu ya sani. Watan Yuni ne, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi, aka ba mu ɗakin littattafai muka shimfiɗa darduma, muka fuskanci kudu maso gabas. Butoci na sa aka ajiye a bayin ƙasa mai tayil, na kuma sa ɗana gadi kada wani ya yi alwala a kan katakon mutane. Na yi tunanin komai, a ganina.

Ban yi tunanin Gwaggo ba. Daga Maiduguri ta taso musamman, da humra da turaren wuta a kwalabe, an naɗe kowacce cikin zane. A wurinta amarya ba ta shiga taro sai an turara ta. Wajen ƙarfe bakwai, ana shirin fito da Auta a kayanta na biyu, Gwaggo ta fito da ɗan kaskonta daga jaka, ta kunna gawayin nan mai kama da kansa, ta barbaɗa turare, ta ce amarya ta tsaya a kai. A ɗakin amarya, hawa na biyu, ƙarƙashin gado mai rumfa da labulen da ya girmi Gwaggon. Ko minti uku ba a yi ba ƙararrawa ta ɗauka. Ba irin ƙananan nan na barori ba. Wannan har cikin haƙori ake jin ta.

Aka fitar da kowa. Mutum ɗari da talatin a kan ciyawa, tsinin takalman mata na nutsewa a ƙasa, masu shadda na riƙe da hula saboda iska, masa na hucewa a ciki. Tumakin suka matso bakin shinge suna kallonmu. Da aka gano tushen hayaƙin, manajan ya kira ni gefe. Na shirya jin faɗa, amma muryarsa ƙasa-ƙasa take. Ya tambaye ni ko na san Clandon Park, wani gidan ƙarni na 18 a Surrey da ake yawan biki a cikinsa. A watan Afrilun 2015 wuta ta tashi daga wajen kayan lantarki, kafin gari ya waye saura bango. Ya ce tun daga lokacin duk mai riƙe da irin wannan gida ya shafa wa gemunsa ruwa, ko da yake ba da waɗannan kalmomin ya faɗa ba. Ya buɗe yarjejeniyar ya nuna mini layin. Ba kyandir kaɗai aka hana ba, duk wani abu mai wuta ko hayaƙi. Ga sa hannuna a ƙasa. Laifina ne da ban zaunar da Gwaggo na yi mata bayani ba, na kuma san da na roƙa tun farko da sun ba mu wani lungu a lambu an turara amarya a can hankali kwance.

Gwaggo ba ta ce uffan ba sai da aka koma ciki. Sannan ta sa na kai ta wajen manajan, ta ce in fassara. "Ki ce masa ya yi haƙuri, baƙo makaho ne ko yana da ido." Ta zaro ƙaramar kwalbar humra ta ce ya kai wa mai ɗakinsa. Ya karɓa da hannu biyu, ban san wa ya koya masa ba.

An yi rawa, an yi liƙi da sababbin takardun naira da wani ya kawo don kada a zubar da fam, ma'aikata na tsaye suna kallo baki buɗe. Sha biyun dare daidai aka kashe kiɗa, ko sakan ba a ƙara ba.

Bayan mako biyu aka dawo mini da kuɗin ajiya. Ba su cire ko kwabo a kan ƙararrawa ba. Abin da suka cire na wankin kafet ne, inda wani yaro ya kifar da kofin zoɓo a gindin matakala, daidai ƙarƙashin hoton mutumin nan mai farin gashin aro.