Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Sifili Daban, Gurbi Daban

Na yi alkawarin wannan makon zan shiga maganar aurena, amma ku yi haƙuri, maganar marigayi Malam, wanda ya koya mini ƙidayar tsuntsaye, ta hana ni sakat: "Ɗana, inda ƙafarka ba ta taka ba, kada ka rubuta masa sifili."

Ƙidayar tsuntsayen ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, tsakiyar Janairu ake yinta, lokacin da baƙin tsuntsayen Turai ke nan suna cin hunturu. Wuri ɗaya ake komawa duk shekara, a lokaci ɗaya, a ƙirga yadda aka ƙirga bara. Kowace matsaya da lambarta. Ana fita bayan asuba, mutum biyu, ɗaya da madubin hangen nesa, ɗaya da takarda da fensir. Biro ba ya shiga kwalekwale, da ruwa ya taɓa shi shi ke nan. Garken agwagin kirinjijiya kuwa ba a binsa ɗaya-ɗaya. Ka ƙirga goma, ka riƙe faɗinsu a ido, ka auna sauran da shi. In garken ya yi yawa ka koma hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari. In alƙalumanku sun yi nisa da juna, a sake. A rubuta har ƙarfin hazo, don ranar da ƙura ta sauko rabin tafkin kawai ake gani.

To, sifilin. Ka je, ka duba, babu tsuntsun ɗinya ko ɗaya: sifili ne, kuma labari ne babba. Ba ka isa wurin ba: a bar gurbi, a rubuta dalili. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo baya a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kachalla ta cike hanyoyin ruwa, matsayu da dama suka gagari kwalekwale. Sai wani da aka turo mana daga birni ya zauna gaban kwamfuta ya cike duk guraben da sifili, wai don jadawalin ya yi kyau. Rahoto ya fito tsuntsaye sun ragu. Wata biyu muna tono tsofaffin takardu kafin mu gyara, shi kuwa ko "a gafarce ni" bai ce ba.

Yaran da nake koya wa yanzu, da nan nake farawa. Kowane layi a jadawali tsuntsu iri ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya. Shekara a fara rubutawa, sai wata, sai rana, don kwamfuta takan juya 3 ga Janairu ta zama 1 ga Maris. Sunan gari kamar Dagona a rubuta shi iri ɗaya kullum, in ba haka ba ya zama gari biyu. A shigar da bayanai a daren da aka dawo, wani ya karanta daga takarda wani ya duba allo. Kwafi uku, wuri uku, takardar asali kuma ba a yar da ita. Na Malam suna nan cikin adakata, gefensu duk tabon laka.

Auren sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.