Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Alhaji Da Matar Mai Shago

Assalamu alaikum jama'a, makon jiya mun tsaya inda muka sauka Guangzhou ta ƙasar China ni da maigidana Alhaji muka kama ɗaki a Xiaobei, unguwar da baƙaƙen fata suka fi yawa, to mu ɗora.

Washegari tafintanmu ya kai mu kasuwar yadi ta Zhongda. Yaron Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui daga Ningxia, Larabci ya karanta, shi yasa da Larabci suke magana da Alhaji ni kuma ina ta raba ido. Kasuwar nan wlh in ka jera Kantin Kwari da Sabon Gari a ciki ba za a san an saka komai ba.

Muka tsaya shagon wata mata, irinsu ake ce wa laoban niang, wato uwar shago. Ciniki a can da kalkuleta ake yi, ta danna kuɗinta ta miƙo, Alhaji ya goge ya danna nasa ya mayar, haka dai har aka zo rabin yuan ne kawai tsakaninsu a kowace mita, kuma fa kaya na cikon kwantena ne don haka rabin nan ba wasa ba. Alhaji ya kafe. Ta zuba mai shayi a ɗan mitsitsin kofi ya shanye bai ƙara ko sisi ba, ta sake zubawa, har azahar ta kusa.

Can sai ta buga kalkuletan a tebur ta kalle ni tace "niu piqi!" Niu dai na sani, saniya ce, don kullum taliyar Lanzhou da naman sa muke ci, niurou mian. Tafinta yace piqi hali ne, wato mai halin saniya, mutum mai taurin kai wanda in ya toge sai dai a haƙura. Yace in kana so ka faɗa cikin ladabi sai kace guzhi.

Na ɗauka Alhaji zai fusata, ai kuwa sai ya fashe da dariya yace a gaya mata shi jikan Fulani ne, ba a taɓa yabonsa haka ba. Ni a ganina ma ita ta fi shi kafiya, don mao biyu kacal ta rage (mao goma ne yuan ɗaya), kuma sai da ta sa ya biya kafin alƙalami a ranar.

Mako mai zuwa insha Allahu zan ba ku labarin yadda fasfo ɗina ya kwana a hannun wani ɗan kago, wato mai aiko wa 'yan kasuwa kayansu gida.