Yadda muka sha fama kafin Duna ya yarda ya ci naman raƙumi

Ranar da na dawo daga wurin likitan dabbobi na ce wa Hajiya ashe Duna alaji gare shi, sai ta ɗago kai daga tsintar shinkafar da take yi ta ce "wane Alhajin?" Na ce a'a Hajiya, alaji, wato akwai abin da yake ci wanda jikinsa ba ya so. Ta yi shiru, can ta ce ikon Allah, yanzu kare ma har da cutar masu kuɗi.

Kafin wani ya ja min aya, Duna karen gadi ne, kejinsa na bayan gida kuma ba ya shiga ɗakin kowa. Mun ɗauko shi ne bayan ɓarayi sun haura mana katanga har sau biyu, na biyun suka yi gaba da batiran sola. Ruwa biyu ne, uwarsa irin karnukan nan na 'yan sanda ce, ubansa kuwa Allah kaɗai ya san daga wane lungu ya fito. Tun yana ɗan kwikwiyo abincinsa ragowar gida ne, sai tarkacen nama da nake karɓo masa wurin mahauci, huhu da tumbi da ƙashin shanu, a dafa a zuba masa kan tuwo ko shinkafa.

Da ya shekara biyu sai susa ta fara. Ba irin susar da kowane kare ke yi ba fa, wannan cikin dare sai ka ji ƙafarsa na dukan langa-langar keji kamar ana kiɗa, ga lasar ƙafafu har tsakanin yatsunsa ya yi ja, ga kunne na wari yana ta kaɗa kai, gashin cikinsa duk ya zube. Kowa da maganin da ya kawo, wani ya ce ƙirci ne a shafa masa baƙin mai, don Allah kar wanda ya yi wannan, dabba za ta lashe shi ne ya zame mata guba. Likita ya ɗan kankare fatar ya duba a na'ura, ya ba da maganin ƙuma da kaska, aka wanke kunnen, muka yi feshi a keji, aka yi wata guda cur amma susa na nan. Sannan ne ya ce to yanzu sai mu koma kan kwanon abincinsa.

Abin da ya ba ni mamaki, na ɗauka sabon abu ne ke kawo alaji, ashe yawanci abin da kare ya daɗe yana ci ne. Naman shanu ke kan gaba, sai madara da danginta, sai kaza, sai alkama. Kuma gwajin jini ba abin dogaro ba ne a wannan harkar, hanya ɗaya ce, a cire masa duk abin da ya saba ci a ɗora shi kan nama iri ɗaya da bai taɓa ci ba da abu ɗaya mai sitaci, na tsawon sati 8, ko loma ɗaya ta wani abu kar ta shiga bakinsa. Akwai na buhu da ake kawowa daga waje, irin su Royal Canin Hypoallergenic da Hill's z/d, waɗanda aka farfasa sinadarin naman ya yi ƙanana yadda jiki ba zai gane shi ba, amma da na ji kuɗin buhu ɗaya na lissafa da cikin kare mai kilo 30, sai na ce likita mu yi maganar na dafawa.

Muka zauna lissafi. Rago da akuya ya ci da Sallah, kuma ma 'yan uwan saniya ne, jikin da ya ƙi wannan yana iya ƙin wancan. Kifi ya ci, kaza kuwa ba a magana. Zomo bai taɓa ci ba amma zomo nawa zan yanka a sati? Sai likitan ya ce kai da kake Kano, ga raƙumi a Abatuwa. Shi ke nan, naman raƙumi da dankalin Hausa, a dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba mai, albasa da tafarnuwa kuwa dama bai kamata kare ya ci su ba don suna lalata masa jini, ni kuma shekara biyu ina juye masa ragowar miya ban sani ba.

Na dafa, na kai masa ina jin kaina. Ya zo ya shinshina, ya dube ni, ya juya ya koma inuwa ya kwanta.

Laifin farko nawa ne. Da na ga har yamma bai ci ba sai tausayi ya kama ni, na ɗebo romon shanu na yaryaɗa a kai, ya lashe romon tas ya bar sauran. Washegari na tsuguna ina lallashi har da miƙa masa a hannu, yara na leƙe suna dariya. Cikin kwana uku Duna ya gane karatun, in ya ƙi ci wani abu mai daɗi na nan tafe, wato ni da kaina na koya masa yanga. Da na koma na faɗa wa likita sai ya yi dariya ya ce yallaɓai ai kai ne ba ka iya jure yunwarsa ba, shi yana iyawa.

Sai muka sake shiri. Na daina sauya masa gaba ɗaya lokaci guda, kwana uku na farko kashi ɗaya cikin huɗu ne sabon abincin, sai rabi da rabi, sai kashi uku, zuwa kwana na 10 tsohon ya fita kwata-kwata, daga ranar ne kuma lissafin sati 8 ke farawa. Da farko in na haɗa sai ya sa baki ya tsince tsohon ya bar min dankalina a gefe kamar mai tsintar tsakuwa a wake, sai na kai naman aka niƙa min, na dame shi da dankalin ya zama kamar fate, ba abin tsincewa. Sau biyu a rana, na ajiye kwano na bar wurin, bayan minti 15 na dawo na ɗauke ko ya ci ko bai ci ba, kuma ba komai sai lokaci na gaba, ruwan sha kawai. Likita ya ce babban kare mai lafiya in ya tsallake ci ɗaya ko biyu ba komai, amma in ya kai kwana biyu ko ya fara amai ko ya yi laushi in kawo shi, kuma wannan horon ba a yi wa kwikwiyo.

Abin da ya fi yi min aiki shi ne ɗumi. Kare da hanci yake cin abinci, 'yan ƙwayoyin ɗanɗano da ke harshensa wajen 1,700 ne, namu kuwa wajen 9,000, to abin da ya fito daga firji da sanyinsa ba ya masa ƙamshin komai. Na riƙa ɗumama shi da romon raƙumin, ɗumi kaɗan yadda yatsa zai jure, kuma na mayar da cin yamma zuwa bayan magariba in gari ya yi sanyi yaro ya ɗan zaga da shi, don a zafin Kano ko mutum ba ya marmarin abinci da rana tsaka. Ran da na fara jin ƙarar kwano yana ture shi da harshe a kan siminti, wallahi daɗin da na ji kamar an biya ni bashi.

To ci ya samu, amma muka shiga sati na huɗu susa ba ta ragu ba ko kaɗan. Har na fara cewa an sa ni asarar kuɗin raƙumi a banza. Wani dare wajen ƙarfe ɗaya na fito duba janareto, sai ga Baba mai gadi a kan benci da kofin shayinsa mai kauri, yana tsoma burodi yana jefa wa Duna, ga takardar tsire a gefe an lashe ta fes. Madara, alkama, naman shanu, uku cikin huɗun da ake zargi a zama ɗaya. Na ce haba Baba, ashe ku ne? Ya ce yallaɓai abokin aikina ne fa, ya za a yi ina ci yana kallona. Ban iya yin faɗa ba, don gaskiya ban taɓa zama na yi masa bayani ba, cewa kawai na yi an sauya wa kare abinci. Da safe kuma na gano Hajiya ma tana ba yara ƙashin miya su kai masa, wai kar hakkinsa ya kama mu.

Lissafi ya koma farko. Na tara kowa na yi bayani, sannan na yanka naman raƙumi siri-siri na busar kamar za a yi kilishi amma ba labu, na zuba a roba na ba Baba, na ce in tausayi ya motsa a ba shi wannan. Har maganin kaska na taunawa likita ya sauya mana da na ɗigawa a ƙeya, don irin na taunawar ana sa musu ɗanɗanon nama.

A sati na biyar Baba ne ya fara cewa ya daina jin kiɗan langa-langa da dare. Zuwa na takwas kunne ya bushe, gashi ya fara tsirowa a ciki. Saura gwaji na ƙarshe wanda ban so ba, wato a mayar masa da abubuwan ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne. Kaza ya yi sati biyu yana ci lafiya lau. Naman shanu kuwa kwana uku kawai ya koma lasar ƙafa, muka janye. Madara ban gwada ba tukuna kuma ba na gaggawa. Yanzu kaza da raƙumi yake ci, da wani garin sinadarai da likita ya rubuta a riƙa barbaɗawa saboda nama da dankali kaɗai ba za su riƙe ƙashinsa ba in tafiya ta yi nisa.

Abin da ke gabana yanzu Babbar Sallah ce, ranar da ko'ina a gidan nan nama ne kuma kowane yaro na yawo da tsoka a hannu. Na ce a kulle shi a keji na kwana uku, Hajiya ta ce to, amma ka tabbata ka sayo wa Alhajin naka raƙuminsa tun kafin mahauta su tafi hutu.